Wasiƙa Daga Amurka: Karkatar Wuyan Harsashi

Mu nan jihar Fensilbeniya sanyi ya fara leƙowa, maharba kowa ya duƙufa gyaran kayansa, domin farautar barewa da bindiga tana buɗewa ne ranar Asabar ɗin da ke bin bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba.

Tun da na ba ku labarin ina ɗura harsashina da kaina wasiƙu suke ta zuwa, wasu tambaya, wasu faɗa. Wani yayana ya ce, "Kai da ka tafi neman ilimi, me ya haɗa ka da albarushi?" Na fahimci damuwar Yaya, don a gida yanzu in an ambaci bindiga ba abin da ke faɗo wa mutum a rai sai 'yan bindigar daji da zaman makoki. Nan kuwa doka ta yarda mutum ya ɗura na amfanin kansa, in dai ba sana'ar sayarwa zai yi ba. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ba ta yarda da haka ba sai da izini, saboda haka kowa ya tsaya inda dokar ƙasarsa ta tsayar da shi.

Yau ina so in yi magana a kan wata 'yar matsala da masu wannan aiki suke kira ranawut, wato karkatar wuyan kwanso. Kwanson harsashi na tagulla ne, kuma bayan an harba ba a yar da shi. Ana matse shi a cikin mazubin ƙarfe ya koma girmansa, a sa sabuwar faraima, a zuba albarushi, a dasa sabuwar ƙwaya a wuyansa. Idan wuyan bai tsaya daidai tsakiyar jikin kwanson ba, ƙwayar za ta zauna a karkace, ta kuma shiga bututun bindiga a karkace. Ido ba ya ganin wannan. Ana kwantar da kwanson ne a kan ma'auni mai agogo, a riƙa mirgina shi da yatsa ana kallon allura. Awon kashi ɗaya cikin dubu na inci ne, ita kuwa takardar rubutu kaurinta wajen 0.004 ne. Yawancin masu gasa suna son allurar kada ta wuce 0.002.

Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya daɗe yana harbin yadi 1,000, shi ya koya mini ƙa'idar farko: kada ka sayi komai sai ka auna bayan kowane mataki. Haka na yi da kwansunan .308 Winchester. Wanda aka harba bai wuce 0.001 ba, saboda ya ɗauki siffar cikin bindiga. Da ya fito daga mazubi na gama-gari sai ga allura tana kaiwa 0.004. Ka ga ke nan ɓarawon yana cikin mazubi.

Dalilin kuwa shi ne, mazubin gama-gari yakan matse wuyan fiye da kima, sannan a wajen fitowa wani ɗan ƙwallo da ke rataye a tsakiya ya ratsa wuyan ya sake buɗa shi. A daidai wannan lokaci jikin kwanson ya riga ya saki bangon mazubi, gindinsa kaɗai ke riƙe. In cikin wuyan a bushe yake, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, sai ƙwallon ya ja shi ɓangaren da ya fi rauni.

Magani na farko ba ya cin kuɗi sosai. A goge cikin wuyan da buroshi, a tsoma shi a garin girafait, irin na bakin fensir, a kuma goge ƙwallon ya yi santsi. Wasu suna sa zoben roba a ƙarƙashin makullin mazubin don ya ɗan samu sukunin daidaita kansa. Kamfanin Forster ya ɗaga nasa ƙwallon sama kusa da wuya, yadda zai ratsa tun kwanson yana riƙe. Lee yana da mazubin da ke matse wuyan a jikin wani sandan ƙarfe madaidaici, ba ja ba fizga. Redding kuma yana da mai zobba da ake canzawa, mutum ya zaɓi wanda ya gaza faɗin wuyan ɗurarren harsashi da 0.001 ko 0.002, sai dai ana ba da shawarar kada a matse fiye da 0.005 a tashi ɗaya. Ni abin da na tsaya a kai shi ne in cire ƙwallon gaba ɗaya, in matse, sannan in buɗa wuyan da sandan ƙarfe da ke shiga daga sama yana danna kwanson ƙasa. Da wannan allurata ta dawo ƙasa da 0.002.

Amma fa duk wannan ba zai gyara kwanson da aka ƙera da wuya mai kauri gefe ɗaya ba. Irin wannan sai dai a fere wuyan da 'yar na'urarsa, ko a ware shi, ko tun farko a sayi mai kyau irin na Lapua ta ƙasar Finlan. Tagulla kuma tana taurara in ana ta matsa ta, don haka ake gasa wuyan kaɗan lokaci zuwa lokaci ya yi laushi, tun kwanson yana fanko, ba faraima ba albarushi. Wajen dasa ƙwaya ma akwai dabara: a danna rabi, a juya kwanson rabin zagaye, sannan a ƙarasa.

To, wahalar ta biya? Nan ne masu abin suka rabu, har cikin manyan 'yan gasa akwai masu cewa iska da awon albarushi sun fi wannan tasiri nesa ba kusa ba. Ga mai harbin barewa a yadi 100 a dazukanmu na nan, ni ma ina ganin bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma a gasar F-Class ta yadi 1,000 da'irar tsakiya faɗinta inci 5 ne kacal, kuma wanda ya tuƙa mota awa uku ya biya kuɗin shiga ba ya son ya kwanta bayan bindiga yana kokwanton harsashinsa. In harbina ya kauce ina so in san iska ce ko hannuna.

Yaya, ka kwantar da hankalinka, karatu yana nan ana yi, bindiga kuma tana kulle a akwatin ƙarfe, albarushi yana wani wuri daban. A wasiƙa ta gaba, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin yadda ake samun lasin farauta a nan da darasin da ake tilasta wa sabon maharbi ya zauna. A gaida mutanen gida. Wassalam.