Tambarin Gida a Masarautar Dutse

A ƙasar Sikotland, tun shekarar 1672 ake shigar da tambarin manyan gidaje cikin kundi guda a birnin Edinbara. A Dutse kuwa tambari abin kaɗawa ne. Jalligawa da Yalligawa, Fulanin da suka karɓi mulkin Dutse Gadawur a zamanin jihadi, kirari da kiɗan fada ne ke riƙe da asalinsu. Da Sarki Nuhu Muhammad Sanusi ya rasu a 2023, ɗansa Hamim ya gaje shi a fadar Garu. Karaga ta sami magaji. Amma kirarin zuriya yana bakin tsofaffin maroƙa, kuma duk wanda ya kwanta dama kafin manazarta su naɗi muryarsa, da kundinsa ake binne shi.