Yaushe Saitin Bindiga Ke Isa?

A Amurka akwai mutanen da ba sa sayen harsashin kamfani. Suna tara ɓawon da aka harba, su auna albarushi da ma'aunin da ke rarrabe nauyin da bai kai ƙwayar gero goma ba, su ɗura da hannunsu, sannan su tafi filin gwaji su kafa takarda a yadi 100. Abin da suke dubawa shi ne yadda hujojin suka taru. Ma'auninsu sunansa MOA, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri guda, wanda a mita 100 yake daidai da kusan santimita 2.9. Wanda harbinsa ya taru cikin MOA ɗaya yakan yi murna na mako guda, daga nan ya fara neman rabin haka. Muhawarar da ba ta ƙarewa a tsakaninsu ita ce: a ina mutum zai tsaya ya ce ya isa?

Tambayar ta daɗe tana yi mini yawo a kai, domin na taso ina ganin wani irin ɗurin hannun. Kawuna maharbi ne a Karakkai, cikin ƙasar Bunguɗu, kuma bindigar toka yake riƙewa, irin wadda ake ɗurawa ta baki, wadda 'yan birni ke yi wa shaguɓe da harba-ka-ruga. Duk harbi ɗaya nasa ɗurin hannu ne. Bai taɓa jin MOA ba, amma yana da amsar da Ba'amurken ke nema, kuma a ganina tasa ta fi tsari. Idan damina ta wuce, yakan rataye tsohon kwanon sha a jikin kuka, ya ja baya taku talatin, ya harba. Ya samu kwano, bindiga ta yi. Ba ya ƙara nisa, saboda bai taɓa harbin gada daga inda ya wuce nan ba. Ƙirjin dabbar da nisan da yake iya sanɗa zuwa gare ta su ne suka yanka masa ma'auni, ba son burgewa ba.

Lissafi yana bayan kawu. A ɗauki maharbin barewa a Amurka mai bindigar zamani. Wurin da harsashi zai shiga ya kashe dabbar nan take, wato huhu da zuciya, faɗinsa kamar santimita 20 ne. Harsashin da ke warwatsuwa MOA biyu zai taru cikin santimita 12 a mita 200, ya shige da sauran fili. Sannan harsashi ba shi kaɗai ke kuskure ba: hannu na rawa, numfashi na hawa da sauka, iska na kaɗawa. Kurakuran da ba su da alaƙa da juna ba a tara su kai tsaye. Ana ninka kowanne da kansa, a haɗa, a ɗauki tushen jimlar. Idan rawar hannun mutum MOA huɗu ce, harsashinsa biyu, jimla ta kama 4.5. Ya kwana wata uku yana gyara har harsashin ya koma ɗaya, jimla ta koma 4.1. Ya rage warwatsuwar harsashi da rabi, abin da ya samu a daji bai kai kashi 8 cikin 100 ba. Da ya kashe watannin nan yana koyon riƙe numfashi, da ya fi cin riba.

Akwai kuma tarkon da nake ganin ya shafe mu 'yan jarida fiye da maharba. Harbi uku da suka taru wuri guda ba hujja ba ne. Sa'a kaɗai na iya haɗa su. Duk yadda aka ƙara yawan harbi, tazarar hujoji biyu mafi nisa sai dai ta ƙaru ko ta tsaya, ba ta raguwa, shi ya sa masu hankali cikin masu ɗurin hannu ke neman harbi goma, ashirin, ko fiye kafin su yanke hukunci. Wanda ya harba rukuni biyar, ya ɗauki hoton mafi kyau ya sa a Facebook, bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiya ba. Haka muke yi idan mako biyu suka wuce ba a tare hanyar Gusau zuwa Funtuwa ba, muka rubuta cewa tsaro ya inganta.

Bindigar toka tana da iyaka da babu gwanintar da za ta ture. Cikin bututunta sumul yake, babu zanen murɗiya da ke sa harsashi juyawa ya miƙe a iska. Albarushinta yana shan danshi, ƙarfinsa na agazari ba ɗaya yake da na hunturu ba. Kuma "ya isa" a wurinta yana da fuska ta biyu mai ban tsoro: mai haɗamar nisa da ya ƙara ɗuri yana iya fasa bututun a hannunsa. A ƙauyukanmu ba a rasa dattijo mai guntun yatsu da zai ba ka wannan labarin. Saboda haka tsoffin maharba ba su nemi nisa a wurin bindiga ba, sun neme shi a ƙafafunsu, da sanin iska, da haƙurin kwanto.

Ƙasar nan ta taɓa ganin abin da ke faruwa idan makami ya haɗu da aikin da ba a auna shi da shi ba. A ƙarshen Fabrairun 1903, kusa da dutsen Kwatarkwashi, rundunar Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu, wanda ake kira Mai Shahada, ta afka wa wani ƙaramin ayarin sojan Turawa da Laftanar Wallace Wright ke jagoranta. Ayarin bai kai mutum 50 ba. Suka yi sahu mai kusurwa huɗu da bindigogi masu cin dogon zango, mahaya suka yi ta faɗuwa kafin mashi ko takobi ya kai. Waziri ya rasu a wurin. Jarunta ba ta yi ƙaranci ba a ranar. Tazara ce ta yanke hukunci.

Yau an mayar da maharbi mai tsaron gari. Daga Tsafe zuwa Bunguɗu, mutumin da ma'auninsa kwanon sha ne a taku talatin shi ake tasa da dare ya tari masu AK-47, bindigar da ke ɗaukar harsashi 30 kuma take cin mita 300. Abin lura, AK ba bindigar saiti ba ce. Ba'amurken da ke neman rabin MOA ba zai ko dube ta ba. Mikhail Kalashnikov ya ƙera ta ne don ta yi aiki cikin ƙura da laka a hannun wanda bai daɗe da koyo ba, kuma ga wannan aikin saitinta ya isa har ya yi yawa. Na kawu ya isa ga gada. Ga wannan sabon aikin bai isa ba, kuma ba laifinsa ba ne.

A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin riƙe bindiga don kare kai, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya nuna bai yarda ba. A ƙarshen Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Gusau. Duka lokutan biyu mun cika shafuka da gardamar halacci da siyasa. Tambayoyin maharbi ne ba mu yi ba. Wace bindiga aka ba mutum? Daga wane nisa yake samun abin da ya nufa, a harbi nawa cikin goma? Sau nawa ya harba a horo kafin a kai shi bakin daga?

Wannan ta ƙarshe ta fi damuna, saboda harsashin da ya kauce a daji kututture yake samu, wanda ya kauce a cikin gari kuwa zana yake hudawa, bayan zanar akwai mai daka ko yaro a kan tabarma. A nan faɗin kwano ba ma'auni ba ne, dole a lissafa da abin da ke bayan kwanon. Kawu yakan ƙi harbi idan ya hango garken shanu a bayan dabba, ko da ya yini yana bin sawunta. Zan so in ga takardar horon da ta rubuta wannan sharaɗin, da adadin harsashin da aka ware wa kowane askari don gwaji, kafin a sake kiranmu taron manema labarai a nuna mana sababbin babura.