Daga Gude Zuwa Birni: Yadda Ake Cin Moriyar Tafiyar Ba-Zata

Yawancin matasan Gude da suka taɓa shiga Kano, lalura ce ta kai su: dubiya a asibiti, rubuta jarrabawar JAMB, ko rakiyar wani yaya zuwa Kantin Kwari saro atamfa. Ana gama abin da aka zo yi sai a nufi tasha, ana sauri kada dare ya yi. Da haka za ka tarar da saurayin da ya je birni sau goma, amma bai taɓa hawa Dala ba, bai kuma san inda Kurmi take ba. Wata rana kuwa dama kan zo ba zato. An tashi hutun tsakiyar zango, ko kawu zai shiga birni da sassafe kuma akwai gurbi a motarsa, ko an biya ka kuɗin aikin gona. Ba ka kama ɗaki ba, ba ka tsara komai ba. To, a tafi ko a zauna?

A tafi. Sai dai tafiyar ba-zata daban, tafiyar ganganci daban. Abubuwa uku ne ke raba su, kuma duka ana iya gama su kafin mota ta cika. Na farko, ka nemi izinin iyaye, ka faɗi inda za ka da ranar da za ka dawo. Na biyu, ka ware kuɗin motar komawa, ka sa su a aljihu na daban, ka ɗauka ba naka ba ne. Na uku, ka san sunan mutum ɗaya a birni wanda za ka yi wa sallama, ka karɓi lambar wayarsa, ka kuma rubuta ta a takarda saboda caji kan ƙare. 'Yan'uwa mata su ma tafiyar tasu ce, in an samu rakiyar yaya ko gwaggo da yardar gida.

Wannan batu na masauki ba sabon abu ba ne a Kano. Tun kafin a san otal, fatake ke shigowa da jakuna da raƙuma ba tare da sun aiko da labari ba. Fatoma ne ke karɓarsu, ya ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye. Sunayen unguwanni ma sun riƙe wannan tarihi: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna, da Alfindiki wadda sunanta ya samo asali daga kalmar Larabci mai nufin masaukin baƙi. Kai fatomanka a yau shi ne ɗan garinku da ke karatu a Jami'ar Bayero, ko baffanka mai shago a Rijiyar Zaki, ko innarka da ke aure a Ɗorayi. Ka kira tun kana hanya, ka tafi da ɗan tsaraba ko da gyaɗa ce ko rake. Doka ɗaya ce a nan: kada la'asar ta yi ba ka san inda za ka kwana ba. In ba a dace ba, ka juya gida da sauran rana.

Hanyar kanta darasi ce. Motar da ta biyo titin Gwarzo za ta ratsa Rimin Gado da Janguza, ta wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, sannan Rijiyar Zaki, har Kabuga. Ta Ƙofar Kabuga ce sojojin Ingila suka kutsa cikin birnin a watan Fabrairun 1903. Ganuwar da suka fasa kuwa, Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Wato ɗan Gude tun bai sauka daga mota ba ya riga ya iso bakin tarihi. Abin lura kawai, in tafiyar ta faɗo a Asabar ɗin ƙarshen wata, akan taƙaita zirga-zirga da safe saboda tsaftar muhalli, don haka a jinkirta fita kaɗan.

Kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne son ganin komai. Kano ba ta ganuwa a yini ɗaya, kuma wanda ya ce sai ya je Sabon Gari da gidan zu da Kwari a rana guda, a cikin adaidaita sahu zai ƙarar da lokacinsa da kuɗinsa. Tun da aka hana acaba a 2013, adaidaita ce abin hawan talaka, kuma kowane hawa kuɗi ne. Mafita ita ce ka zaɓi cikin birni kaɗai, domin manyan wuraren tarihinsa suna kusa da juna, ƙafa ma za ta kai ka.

Ka fara da Dala tun rana ba ta yi zafi ba. Akwai matakala har sama. A nan ne tarihi ya ce Barbushe ke hawa wajen Tsumburbura kafin zuwan Bagauda, kuma masu binciken ƙasa sun gano alamun narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Amfanin farawa daga nan shi ne, Dala ce taswirar wanda bai zo da taswira ba. Daga sama za ka hango Goron Dutse, ka hango hasumiyoyin Babban Masallaci, ka ga yadda lunguna suka sarƙe. Ka tsai da idonka a kan masallacin, can ka nufa.

Da ka sauko, ka tambayi hanyar Kurmi. Matambayi ba ya ɓata, amma ka san wanda za ka tambaya: dattijo a ƙofar gida ko mai shago da ke zaune a shagonsa. Ka yi sallama, ka gaisa, sannan ka ce, "Baba, don Allah ina ce hanyar Kurmi?" Kasuwar ta kafu a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, ya yi mamakin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Yau ma za ka ga dukawa da jakunkuna da takalman fata, masu kayan doki, masu turare da kanwa, da masu littattafan addini. Ba sai ka sayi komai ba. Ka tsaya wajen baduku, ka nemi izini, ka tambaye shi yadda ake jeme fata. Mai sana'a yana son a tambaye shi sana'arsa, muddin ba a tare masa ciniki ba. In yunwa ta taso, Jakara na nan kusa, unguwar da ta yi suna da gurasa. Bandashe da ƙuli-ƙuli da albasa zai riƙe ka har yamma a kuɗi kaɗan.

Ka yi azahar a Babban Masallaci, ka huta a inuwa, ka ga Gidan Rumfa daga waje. Kada ka ɗauki hoton dogarai ko na kowa sai da izini. Daga nan Gidan Makama ba nisa. Ginin ƙasa ne na tun zamanin Rumfa, yanzu gidan adana kayan tarihi ne, ana biyan ɗan kuɗin shiga. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, kayan yaƙi, da hotunan Kano na farkon zuwan Turawa. Wanda zai rubuta jarrabawar tarihi, awa ɗaya a nan ta fi masa haddar shafi goma, domin gani ya kori ji.

Ka rufe yinin da marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Za ka ga rijiyoyin rini jere, ana haɗa baba da toka da ruwa a bar su su tsumu, a tsoma zane a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa har shuɗin ya kama. Za ka kuma lura da cewa rijiyoyi da yawa sun bushe, masu aikin sun ragu. Wannan ma abin tambaya ne: me ya sa sana'ar da ta kai sunan Kano ƙetaren hamada take ja da baya? Ka tambayi marina, ka rubuta amsarsu.

Kafin magariba ka kasance a masauki. Waya ta zauna a aljihu in kana bakin titi ko cikin adaidaita, domin ƙwacen waya matsala ce da mutanen birni kansu ke kuka da ita. Kada ka bi wanda ba ka sani ba zuwa lungu, ko da ya ce gajeriyar hanya ce. A gidan da aka sauke ka, ka ci abin da aka kawo, ka taya aiki, ka tashi da wuri.

Washegari da safe, in akwai sauran kuɗi, ka ƙara wuri ɗaya tak. Ko Gidan Mumbayya da ke Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano wanda ya rasu a 1983, ko Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, ya zauna. Sannan ka yi wa masu masauki godiya, ka nufi Kabuga da hantsi, ka ciro kuɗin nan da ka ɓoye a aljihu na daban. Ranar Litinin ka kai wa malamin tarihi abin da ka rubuta, ka nemi ya ba ka minti biyar ka ba 'yan aji labari. Wataƙila a cikinsu a samu waɗanda za ku koma tare a hutu mai zuwa.