Zoɓon Maigatari da Kumburin Ɓoye

Kumburi iri biyu ne. Akwai wanda ido ke gani, kamar na targaɗe ko harbin kunama, wanda jiki ke tayarwa don kare kansa, sannan ya lafa. Akwai kuma na ɓoye, mai ci ƙasa-ƙasa kamar wutar ƙaiƙayi, wanda kan shekara da shekaru a jijiyoyin jini babu zafi babu raɗaɗi. Likitoci na alaƙanta shi da ciwon suga da ciwon zuciya, kuma sukan hango alamarsa ta gwajin jini na CRP.

Ma'aikacin da ya ji wannan bayani a asibiti yakan garzaya intanet, inda za a lissafa masa man zaitun da kifin tekun Turai, abubuwan da albashinsa ba zai ɗauka ba. Alhali daga gonakin Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da Gumel ake loda buhunan zoɓo da riɗi zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Zoɓon ya nufi Meksiko, riɗin ya nufi Japan da Turkiyya.

Jan launin zoɓo daga sinadarin antosayanin yake, dangin wanda ke cikin 'ya'yan itatuwan da Turawa ke yabo. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun wallafa gwajin da suka yi kan mutum 65: waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7. Riɗi na ɗauke da sesamin da mai marar daskarewa, citta na da jinjarol, kuma ana nazarin dukkansu kan rage kumburi. Ga kuka da zogale da wake.

Ɓarnar a madafa take faruwa. Zoɓon da ake ƙullawa a leda ranar Alhamis a kasuwar Maigatari yakan sha sukari har tsaminsa ya ɓace. Riɗi ya koma kantu. Gero a surfe shi fes, a bai wa tumaki dusar da ke riƙe da amfanin. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci a tsayar da sukari ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na kuzarin abincin yini, wato kimanin ƙaramin cokali 12 ga babba.

Abinci ba ya maye gurbin magani, kuma mai shan ƙwayar hawan jini ya sanar da likitansa kafin ya lazimci zoɓo. Abin da ya rage a hannun uwargida da maigida yake: a dafa zoɓo da citta da kanumfari, a rage sukari, a daka riɗi a miya, a sassauta wa gero surfe.