Notin Ingila

Cikin gādon marigayi mahaifina, rabona shi ne wani ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe, tsohuwar ƙirar Ingila, wanda yakan zauna da shi kowace Asabar bayan ya yi ritaya. Da na kwance buhun sai na tarar babu mariƙin juya teburinsa, noti biyu kuma sun ɓata.

Na ɗauka abin wasa ne. Na je kasuwar Owode Onirin a Legas, na sayo masu kama da su. Na farko ya shiga zagaye biyu ya cije. Maimakon in dakata, sai na sa sifana na murɗa da ƙarfi, haƙoran ramin suka zube.

Wani dattijon makaniki ya duba, ya girgiza kai. “Yaro, ai wannan awon Whitworth ne, na inci.” Ashe tun 1841 Ingila ke da nata awon: kusurwar haƙorinsa digiri 55, na milimita kuwa 60. Ido ba ya rabe su.

Dattijon ya faɗaɗa ramin, ya yanka sabon haƙori na milimita. Shekara da shekaru Baba bai ɓata ramin nan ba, ni na ɓata shi cikin minti ɗaya. Mariƙin kuwa na katako na yi masa. Yanzu sifana iri biyu nake ajiyewa kusa da injin.