Tulun Girka Da Ya Tuna Mini Da Tatsuniyar Iya

A shekarata ta biyu a jami'a aka ba mu aikin tattaro tatsuniyoyi a darasin Adabin Baka. Na ɗauki rikoda na nufi unguwar Sabo ta Ibadan, inda aka haɗa ni da wata tsohuwa da kowa ke kira Iya. Ta ba ni tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, amma ƙarshenta ya saɓa da wanda na karanta a littafi. Sai na ce a raina tsufa ne ya sa ta manta. Na goge muryarta, na kwafi ta littafi na miƙa wa malam.

Bayan watanni, ina duba wani littafin tarihin zane a laburare, na ci karo da hoton wani tulu mai hannu biyu na tsohuwar Girka, irin wanda ake zuba giya ko man zaitun. Wani magini ɗan birnin Atina mai suna Eksekiyas ne ya gina shi, ya kuma zana shi, tsakanin shekarar 540 da 530 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An tono shi a Bulci ta ƙasar Italiya, yanzu yana gidan kayan tarihi na Batikan.

Salon zanen shi ne na baƙaƙen siffofi. Ana shafa tataccen ruwan yumɓu a siffanta mutane, a zana idanu da adon tufafi da tsinin ƙarfe, sannan a gasa. A tsakiyar gashin ana toshe iska, daga baya a buɗe, sai siffofin su fito baƙaƙe, jikin tulun kuma ya koma ja.

A jikinsa an zana jarumai biyu na yaƙin Taroyi, Akilis da Ajas, sun sunkuya suna wani wasa mai kama da dara, kowa da māsu a hannu, garkuwarsa jingine a bayansa. Har an rubuta abin da ke fitowa daga bakinsu da haruffan Girkanci: Akilis na cewa "huɗu", Ajas na cewa "uku". Masu kallo na wancan zamani sun san ƙarshen su biyun. Akilis zai mutu a fagen fama, Ajas zai ɗauko gawarsa, daga baya ya kashe kansa saboda an ba Odisiyas kayan yaƙin mamacin.

Abin da ya girgiza ni shi ne, wannan wasa ba ya cikin Iliyad, shahararriyar waƙar Homa a kan yaƙin. Amma an samu tukwane fiye da ɗari ɗauke da shi. Wato labarin ya zaga tsakanin jama'a sosai, ko da yake littafin da muke ɗauka shi ne tushe bai ambace shi ba. Ba don maginan nan ba, da wuya mu san da shi. Kuma ba wani masani da ya ce Eksekiyas ya yi kuskure don ya saɓa wa Homa.

Nan take na tuna da Iya. Ashe abin da na kira mantuwa wani reshe ne na tatsuniyar, wataƙila wanda ta ji a bakin kakarta tun kafin a buga littafin da na amince da shi. Na koma Sabo, aka ce ta koma garinsu wajen 'ya'yanta. Har yau ina iya tuna rabin abin da ta faɗa, sauran ya tafi.

Don haka, 'yan'uwana ɗalibai, idan kuka fita tattaro adabin baka, ku rubuta abin da kuka ji yadda kuka ji shi, da sunan gari da ranar da kuka ɗauka. Littafi murya ɗaya ce a cikin muryoyi da yawa. Allah ya sa mu dace, amin.