Tsohuwar Fijo a Sakkwato

Fijo 504 mota ce da ta zo Najeriya gunduwa-gunduwa cikin akwatuna daga Faransa, aka riƙa haɗa ta a kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. An daɗe da daina ƙera ta, amma a Sakkwato har yanzu akwai masu riƙe da tasu kamar 'yar gida.

Babban abokin gabarta zafi ne. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin ke haura digiri 40, lagireto ne ke fara kokawa, shi ya sa mai irin wannan mota ba ya rabuwa da jarkar ruwa a but. Idan hunturu ya shigo kuma, ƙura ta cika kafireto. Sai a ga bakanike a unguwar Buzaye ya kwance shi a kan kwali, ya wanke da fetur a gwangwani, ya hura ƙananan ramukansa da bakinsa, ya mayar, ya kasa kunne yana sauraren injin. Wannan kunnen ya fi kowace na'ura daraja ga irin wannan mota.

Kayan gyara su ne wahalar. Sabo na asali ya yi wuya, jabu kuwa ya yi yawa, don haka aka fi yarda da ɗan Kwatano. Abin da aka rasa a gari, sai a aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, direban tasha ya kawo. Wani lokaci mota guda ake saya matacciya, a ajiye ta a bayan gida, ana cirar kayanta ɗaya bayan ɗaya don 'yar'uwarta ta ci gaba da tafiya.